Honda Prelude: Tambayoyi Kan Motar Gudu Da Tayoyin Gaba Ke Ja

Wace irin mota ce Prelude?

Mota ce mai ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa, wadda kamfanin Honda na Japan ya fara fitarwa a 1978. An yi ta zubi biyar kafin a dakatar da ita a 2001. A dukkansu injin a gaba yake, kwance a gicciye, kuma tayoyin gaba ne ke jan motar.

To mene ne laifin hakan a motar gudu?

An ɗora wa tayoyin gaba aiki biyu ne: su ja, su kuma karya kwana. Taya kuwa riƙon da take yi wa kwalta yana da iyaka. Ka shigo kwana da gudu, ka ƙara taka totur, sai ka ji hancin motar ya ƙi bin sitiyari, yana neman zarcewa gefen titi. Akwai kuma fizgar da sitiyari ke yi a hannu idan an taka da ƙarfi daga tsaye. Shi ya sa masu son gudu da yawa suka fi yarda da motar da ake turawa daga baya.

Me ya sa Honda bai zaɓi turawa daga baya ba?

Araha da sauƙin nauyi. Ba a buƙatar dogon ƙarfen da zai kai ƙarfi baya, kuma ana raba kayan aiki da Accord, wata motar ta Honda.

Da wace dabara suka yaƙi matsalar kwanar?

Nan ne labarin ya yi daɗi. A 1987, a zubi na uku, suka sa tayoyin baya su ma suna juyawa. Babu kwamfuta a ciki, sanda ce ta ƙarfe daga sitiyarin gaba zuwa wani akwatin giya a baya. Idan ka ɗan taɓa sitiyari, kamar mai canza layi a babban titi, tayoyin baya su karkata inda na gaba suka nufa, da digiri 1.5 kacal. Idan ka murɗe shi sosai don fakin, sai su juya akasin haka har digiri 5.3, motar ta zagaya a ɗan ƙaramin fili. Wanda ya tsaya a bayanta yana kallo zai ɗauka wani abu ne ya kwance.

Zubi na huɗu, na 1991, ya mayar da tsarin na lantarki, ya kuma zo da injin lita 2.2 mai VTEC, dabarar Honda ta ƙara wa inji ƙarfi idan an taka shi sosai. Na biyar, a 1996, ya kawo wani tsari mai suna ATTS, wanda a kwana yake ƙara wa tayar gaba ta waje ƙarfi. Kamar mai tuƙa kwalekwale ne, ya fi zuba ƙarfi a gefe guda, jirgi ya juya. A ganina wannan ta fi waccan hikima, domin ta tari ciwon daga inda yake fitowa, ko da yake ta ƙara wa gaban motar nauyi.

Me ya kashe ta?

Kasuwa. Masu sayen mota mai ƙofa biyu sun yi ta raguwa, Honda kuma yana da wasu motocin gudu, Integra da S2000, a gefe.

An ce ta dawo?

Ta dawo a 2025, da injin lita 2.0 mai haɗa fetur da lantarki, an kuma aro mata ƙafafun gaba daga Civic Type R, wata motar gudu ta Honda, don rage fizgar sitiyarin nan. Tayoyin gaba ne dai har yanzu ke jan ta.