Kundin NBC da Gyaran 2020: Wa Ke da Ikon Cin Tashar Talabijin Tara?

Idan ka taɓa kallon hira kai tsaye a talabijin, ka ga mai gabatarwa ya tari numfashin baƙonsa da sauri yana cewa "wannan ra'ayinka ne, ba na tasharmu ba," to ka ga wata doka tana aiki ko da ba ka san sunanta ba. A daidai lokacin, hankalin mai gabatarwar yana kan takardar da ka iya isowa teburin manajansa washegari.

Takardar daga Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa, wato NBC, take fitowa. An kafa hukumar a 1992 da dokar soja mai lamba 38, zamanin Janar Babangida, kuma wannan dokar ce ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar mallakar gidajen rediyo da talabijin a Najeriya. Kafin nan, daga tashoshin gwamnatin tarayya irin su NTA sai na jihohi. NBC takan karɓi takardun masu neman lasisi ta ba da shawara, amma amincewar ƙarshe tana hannun Shugaban Ƙasa, kamar yadda sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanada. Ita ce kuma ke rubuta kundin ƙa'idojin da kowace tasha za ta bi.

Mafi yawan abin da ke cikin kundin, mai hankali ba zai yi jayayya da shi ba. An hana nuna batsa, an hana kalaman tunzura ƙabila ko addini, an ce a ba kowane ɓangare damar faɗin nasa, an wajabta wa tashoshi su cika yawancin lokacinsu da shirye-shiryen gida. Wanda aka ɓata wa suna yana da haƙƙin mayar da martani a tashar da ta yi masa. Uba da ke zaune da 'ya'yansa bayan sallar isha'i ana kallo tare ya san amfanin irin wannan shinge.

Rigimar ta taso ne a 2020. A watan Agusta na shekarar, Ministan Yaɗa Labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya ƙaddamar da gyaran da aka yi wa bugu na shida na kundin a Legas. Abu biyu suka fi tayar da ƙura. Na farko, tarar kalaman ƙiyayya ta tashi daga naira dubu 500 zuwa naira miliyan 5. Na biyu, an ce babu tashar da za ta kankane wani shiri ita kaɗai: idan kamfani ya sayi izinin nuna wasannin ƙwallon Ingila, alal misali, dole ya sayar wa sauran tashoshi damar nunawa. Gwamnati ta ce manufarta ita ce karya babakere da raya ƙananan tashoshin gida. Masu zuba jari suka ce ba wanda zai kashe dukiyarsa ya shirya abu, sannan a tilasta masa ya raba da abokin gogayyarsa. Har shugaban hukumar gudanarwar NBC ɗin kanta, Ikra Aliyu Bilbis, ya fito fili ya ce ba da yawunsu aka yi gyaran ba.

Ba a daɗe ba aka fara ganin aiki da cikawa. A watan Agustan aka ci gidan rediyon Nigeria Info tarar miliyan 5 saboda hirar da ya yi da marigayi Obadiah Mailafia, tsohon mataimakin gwamnan Babban Bankin Najeriya. A Oktoba, lokacin zanga-zangar EndSARS, aka ci Channels da AIT da Arise miliyan uku-uku. Bayan shekara biyu, a Agustan 2022, aka ci Trust TV miliyan 5 kan shirin da ta yi game da 'yan bindigar Arewa maso Yamma.

Wannan na ƙarshe ya fi tsaya mini a rai. Mutanen ƙauyukan Zamfara da Katsina da ake kora daga gidajensu suna buƙatar wanda zai ɗauki kyamara ya je ya nuna wa duniya halin da suke ciki. Ƙaramar tasha da ke fama da kuɗin man janareta da albashin ma'aikata, idan ta ji an ci wata miliyan 5, sai edita ya ajiye labarin a durowa tun kafin kowa ya ce masa uffan.

A nan ne kotu ta shigo. Ƙungiyar Media Rights Agenda, mai kare 'yancin kafofin yaɗa labarai, ta kai ƙara kan tarar naira dubu ɗari biyar-biyar da aka ɗora wa tashoshi 45 a 2019, lokacin zaɓe. A watan Mayun 2023, Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya yanke cewa NBC ba kotu ba ce, don haka ba ta da hurumin cin tara. Hujjar mai sauƙin fahimta ce. Hukumar ce ta rubuta ƙa'idar, ita ce mai ƙara, ita ce mai bincike, ita ce alƙali, kuma kuɗin tarar ɓangaren gwamnati za su shiga. Ko a gaban mai unguwa, ba a barin mai ƙara ya yanke wa wanda yake ƙara hukunci. Tara horo ce, kuma Kundin Tsarin Mulki ya ce kafin a hori mutum sai an saurare shi a gaban kotu mai zaman kanta.

Sai dai a lura, wannan hukuncin a kan tara ya tsaya. Bai soke kundin NBC ba, bai kuma ce tasha ta faɗi abin da ta ga dama ba. Wanda aka yi wa ƙazafi a talabijin yana nan da damar shigar da ƙara. Lasisi ma yana nan a hannun gwamnati, kuma shi ne babbar sandar. A Agustan 2022 NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52, ciki har da AIT da Silverbird da gidajen jihohi da dama, saboda bashin sabunta lasisi da ya haura naira biliyan 2, kafin daga baya ta dakatar da matakin.