Gano Masana'anta da Zane a Tsoffin Kayan Gilashin Zubi

Gilashin zubi shi ne wanda ake zuba narkakken gilashi a mazubin ƙarfe mai zane, a danna shi da madanni har ya ɗauki siffar mazubin. Da shi aka yi kofuna da kwanuka da farantai masu araha a ƙarni na 19 da farkon na 20. Mafi yawansu ba su da tambarin kowa, shi ya sa gano mai su yake buƙatar haɗa shaidu da dama.

Tarihi

Sana'ar ta kafu a Amurka a shekarun 1820. A 1825 John P. Bakewell na Pittsburgh ya yi rajistar hanyar buga hannun aljihun tebur da gilashi, a shekarar kuma Deming Jarves ya kafa masana'antarsa a Sandwich da ke jihar Massachusetts. Kayan shekarun 1830 zuwa 1840 cike suke da ɗige-ɗige, don su ɓoye aibun da sanyin mazubi ke bari a jikin gilashin.

A 1864 William Leighton na kamfanin Hobbs, Brockunier ya fito da haɗin soda da farar ƙasa da ya maye gurbin gilashi mai dalma. Wannan babbar shaida ce wajen ƙiyasta shekaru: mai dalma ya fi nauyi, idan aka ƙyasta shi da yatsa sai ya yi amo mai tsawo, na baya kuwa amonsa gajere ne. A 1891 masana'antu da yawa suka haɗe suka zama United States Glass Company, suka ci gaba da buga tsoffin zanensu da sabon suna. Saboda haka zane ɗaya yakan sami iyaye biyu.

Tambari

Ingila ta fi sauƙi. Daga 1842 zuwa 1883 ana sa alama mai siffar daiman a kan kayan da aka yi wa rajista, haruffa da lambobin kusurwoyinta na nuna rana da wata da shekara, lambar III a samanta kuma na nufin gilashi. Daga 1884 aka koma lambar rajista da ke farawa da Rd. Abin da alamun nan ke nunawa lokacin rajistar zanen ne, ba ranar da aka buga kayan ba. A lokacin, kamfanin Sowerby na Gateshead yana sa hoton kan ɗawisu a matsayin tambari, kamfanonin Davidson da Greener kuma kowanne da irin hoton zakinsa.

A Amurka, kamfanin Heisey ya fara sa H a cikin daiman wajen 1900, kamfanin Northwood kuma N mai layi a ƙasa cikin da'ira wajen 1905. Sai dai tambari ba ya yanke hukunci, domin mazubai sun fi kamfanoni tsawon rai. Da Heisey ya rufe a 1957, kamfanin Imperial ya sayi mazubansa ya ci gaba da amfani da su.

Zane

Layin haɗin mazubi da santsin gefen zane ne ke bambanta gilashin zubi da wanda aka sassaƙa, mai kaifin baki. Daga nan ake gwada zanen da kundin tallan masana'antu da na dillalai irin su Butler Brothers, shaidar da ta fi kowace ƙarfi. Sunayen da aka san zane-zane da su yau, da yawansu masu tara kayan tarihi ne suka raɗa, irin su Ruth Webb Lee a shekarun 1930; masana'antu sukan yi amfani da lamba kawai. Zanen Daisy and Button kamfanoni barkatai ne suka yi shi, aka kuma sake buga shi a ƙarni na 20, don haka sai an dubi siffar kayan da launinsu da zaizayar gindinsu.

Launi

Gilashi mai manganis, wanda aka fi yi kafin wajen 1915, yakan rine zuwa shunayya idan ya daɗe a rana. Mai yuraniyom yana ƙyallin kore a ƙarƙashin fitilar UV, amma har yau ana yin irinsa.

Saɓani

An daɗe ana danganta kaya ga masana'antar Sandwich saboda gutsattsarin gilashin da aka tono a harabarta. Wasu masana ba su yarda da wannan hujja ba, domin masana'antu kan sayo fasasshen gilashin wasu su narkar.