Waiwaye: Yadda Budweiser ta bar hannun Amurkawa, da waɗanda suka biya kuɗin cinikin

A farkon watan Disamba na 2008, makonni uku kacal bayan an kammala sayar da kamfanin Anheuser-Busch ga baƙi, sababbin masu shi suka sanar da sallamar ma'aikata 1,400 a Amurka. Kashi uku cikin huɗu na waɗannan mutane a birni ɗaya suke, wato St. Louis ta jihar Missouri, inda kamfanin ya girma har ya zama gagarabadau. Kwalbar Budweiser ba ta sauya ba, tambarin mikiyar kamfanin yana nan, dawakin da ake tallar giyar da su ma ba wanda ya taɓa su. Mutanen ofis ne suka tattara komatsansu a kwali suka fita.

Na san akwai mai karatun da zai ce ina ruwanmu da kamfanin barasa, abin da addininmu ya haramta. Ba musu a kan haka. Sai dai labarin na ma'aikata ne da bashi da masu hannun jari, kuma wanda ya ga yadda masaƙun Kaduna suka mutu ɗaya bayan ɗaya zai gane fuskokin da ke cikinsa. Ga shi kuma zaren labarin ya biyo har gonakin dawa na arewa.

Asalin kamfanin na baƙi ne ma tun farko. Eberhard Anheuser, Bajamushe mai sana'ar sabulu, ya karɓi wata ƙaramar masana'antar giya da ta durƙushe a St. Louis a 1860. Shekara guda bayan nan wani ɗan ƙasarsu, Adolphus Busch, ya auri 'yarsa Lilly, kuma surukin ne ya mai da wurin daula. A 1876 aka fito da Budweiser, sunan da aka aro daga garin Budweis na ƙasar Cek ta yau. Busch ya gane cewa mai son cin kasuwar ƙasa mai faɗin Amurka dole kayansa su jure tafiya, don haka ya rungumi dabarar dumama giya a kwalba don kada ta lalace, ya kuma sa aka riƙa dakonta a taragun jirgin ƙasa masu ƙanƙara. Da Amurka ta haramta barasa daga 1920 zuwa 1933, masana'antu da yawa sun rufe har abada, amma wannan ta tsira da sayar da yis da askirim da abin sha marar sa maye. Da aka ɗage dokar, manyan dawakin nan masu gashi a ƙafa suka ja keken giya har Fadar White House, tun daga lokacin suka zama alamar kamfanin.

A St. Louis, samun aiki a wurin kamar gado ne. Kaka ya yi, uba ya yi, ɗa ya shiga. Albashi mai kauri, inshorar lafiya, fansho, har da katan-katan na giya kyauta. Kamfanin ne ya mallaki ƙungiyar wasan ƙwallon sanda ta garin, Cardinals, daga 1953 har tsakiyar shekarun 1990. Ƙungiyoyin agaji da makarantu da masu ƙananan kwangila duk a inuwarsa suke. Kusan rabin giyar da ake sha a Amurka tasa ce. Manyansa kuwa sun saba da jiragen kamfani da otal-otal na alfarma, abin da daga baya ya zama makamin da aka yanka su da shi.

Can a Brazil, wasu 'yan banki uku, Jorge Paulo Lemann da Marcel Telles da Carlos Alberto Sicupira, sun sayi kamfanin giya na Brahma a 1989. Ba masu dafa giya ba ne, masu lissafi ne. A 1999 suka haɗe da abokin gasarsu Antarctica aka sami AmBev. A 2004 AmBev ta haɗe da Interbrew ta Beljiyam, mai Stella Artois, aka sami InBev, hedikwata a birnin Leuven amma akalar a hannun 'yan Brazil. Carlos Brito ne ya zama shugaba. Tsarinsu ɗaya ne ko'ina suka je: a ci bashi a sayi kamfani, a matse kashe kuɗi, a biya bashin, a nemi na gaba wanda ya fi girma. Kowace shekara kasafin kowane sashe daga sifili yake farawa. Ba a cewa bara an ba ku kaza, bana ga ƙari. Sai manaja ya kare kowane kwabo, tun daga tikitin jirgi har takardar da ake bugawa a ofis.

Mutanen wani ƙaramin gari a Beljiyam sun ɗanɗana tun da wuri. A 2005 InBev ta ce za ta ɗauke dafa giyar Hoegaarden daga garin Hoegaarden ta mai da shi Jupille. Aka yi zanga-zanga, sabon wurin kuma ya kasa fitar da giyar yadda aka saba, sai a 2007 kamfanin ya janye. Wannan na cikin 'yan lokutan da aka ga sun ja da baya.

Kafin mu tausaya wa St. Louis fiye da kima, akwai abin da ya kamata a tuna. A 2006 Anheuser-Busch ta sayi sunan giyar Rolling Rock daga hannun InBev a kan dala miliyan 82. Sunan kawai ta saya, ba ta ɗauki masana'antar da ke garin Latrobe na jihar Pennsylvania ba, inda ake yin giyar tun 1939. Ta kwashe aikin ta kai Newark ta jihar New Jersey, ta bar ma'aikatan Latrobe suna kallon ginin. Ba baƙo ne ya yi musu haka ba, ɗan ƙasa ne mai tutar Amurka a tallansa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, shekara biyu kawai aka yi.

A watan Yuni na 2008 InBev ta miƙa tayin sayen Anheuser-Busch a kan dala 65 kowane hannun jari. Lokacin ya yi mata daidai: darajar dala ta faɗi a gaban yuro, hannun jarin kamfanin ya daɗe ba ya motsi, kuma kamfanin ya yi sake bai faɗaɗa sosai a ƙasashen waje ba alhali abokan gasa suna ta haɗiye juna. Gari ya ɗauki zafi. Aka buɗe shafukan tattara sa hannu a intanet, gwamnan Missouri Matt Blunt da Sanata Claire McCaskill suka fito suna adawa, har Barack Obama, wanda ke takarar shugaban ƙasa a lokacin, ya nuna bai ji daɗin abin ba. August Busch na huɗu, wanda ke shugabancin kamfanin, ya yi watsi da tayin. To amma iyalan Busch, duk da sunansu ne a jikin gini, abin da suke riƙe da shi bai kai kashi biyar cikin ɗari ba. Sauran na manyan masu zuba jari ne, ciki har da kamfanin Warren Buffett, su kuwa farashi suke kallo.

Garkuwar da shugabannin kamfanin suka ɗaga ita ce ta fi ba ni mamaki. Don su nuna wa masu hannun jari cewa ba sa buƙatar baƙi, sai suka fito da shirin rage kashe kuɗi na dala biliyan ɗaya, wanda ya haɗa da rage ma'aikatan ofis ta hanyar ritayar wuri. Ke nan tun kafin a san wanda zai yi nasara, an riga an san wanda zai sha kashi. InBev ta ƙara dala biyar, farashi ya koma 70, jimilla kusan dala biliyan 52. A watan Yuli hukumar daraktoci ta amince. Kishin ƙasar da aka yi wata guda ana yayatawa ya tsaya a nan.

Yawancin kuɗin na bashi ne, kimanin dala biliyan 45 daga bankuna. Tsakanin sa hannu da kammala ciniki a watan Nuwamba, bankin Lehman Brothers ya rushe, kasuwannin kuɗi na duniya suka rikice. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, sai dai a nan ba wanda ya ci ladan ne ya riƙe askar ba. Bayan sallamar mutum 1,400 da soke ɗaruruwan guraben 'yan kwangila, aka rushe bangayen ofisoshin manya aka zuba tebura a fili ɗaya, aka sa jiragen kamfani a kasuwa, manya suka koma kujerar talaka a jirgi. Wannan ɓangaren ba wanda ya zubar wa hawaye. Wanda ya yi ciwo shi ne na ƙananan masu kawo kaya, da aka ce su jira har kwana 120 kafin a biya su. Mai buga takardu ko mai kamfanin talla da ke da ma'aikata goma ya zama shi ke ba ƙaton kamfani rance ba ruwa. A 2009 aka sayar da wuraren shaƙatawa na kamfanin, irin su SeaWorld da Busch Gardens, ga kamfanin zuba jari na Blackstone. Daga baya aka kai sashen talla da kasuwanci birnin New York.

Su wa suka tsira? Ma'aikatan cikin masana'anta, masu ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters. Sun ƙulla yarjejeniyar shekara biyar a daidai lokacin cinikin, aka rubuta a ciki cewa masana'antu 12 na Amurka za su ci gaba da aiki. Mai digiri da ɗamarar wuya, wanda yake ganin shi ɗan gida ne ba ya buƙatar ƙungiya, shi aka fara nuna wa ƙofa. A ganina wannan ne zuciyar labarin, fiye da batun tuta. Alkawarin baki da tarihin shekara ɗari da hamsin ba su kare kowa ba, takardar da aka sa wa hannu ce ta yi aiki.

Sunan kuwa ana lallaɓa shi kamar ƙwai, domin shi aka saya. A 2016 kamfanin, mallakar 'yan Beljiyam da Brazil, ya cire Budweiser daga jikin gwangwani na ɗan lokaci ya rubuta America. Giyar Beck's ta Jamus kuma aka koma dafa ta a St. Louis don kasuwar Amurka, har masu saye suka kai ƙara cewa an bar su suna zaton daga Jamus take, aka sasanta a 2015.

A wannan shekarar ta 2016 ne AB InBev, sunan da InBev ta koma bayan sayen Anheuser-Busch, ta haɗiye kamfanin giya na SABMiller a kan sama da dala biliyan 100. SABMiller ita ma tsohuwar mahaɗiya ce: kamfanin Afirka ta Kudu ne da aka kafa a 1895, ya koma Landan a 1999, ya sayi Miller ta Amurka a 2002, ya sayi Foster's ta Ostareliya a 2011. An shirya rage kusan ma'aikata 5,500 a duniya. Amma gwamnatin Afirka ta Kudu ta ga gemun ɗan'uwa ya kama wuta, ta shafa wa nata ruwa. Kafin hukumomin gasa su amince, sai da kamfanin ya yarda a rubuce cewa ba zai sallami kowa a ƙasar ba saboda haɗewar, zai riƙe adadin ma'aikatansa na shekara biyar, zai kuma zuba rand biliyan ɗaya wajen tallafa wa manoma da masana'antun cikin gida. Washington ba ta nemi irin wannan a 2008 ba, damuwarta gasar kasuwa ce kawai. A Melbourne ta Ostareliya ma, a 2016, an sallami ma'aikatan gyaran injina 55 a masana'antar giya ta Carlton, wadda SABMiller ta samu tare da Foster's, aka ce su dawo a kan albashi ƙasa da na da. Sun yi wata shida a bakin ƙofa, jama'a suka ƙaurace wa kayan kamfanin, aka mai da su bisa sharuɗansu na farko.

A Najeriya batun ya ɗan sha bamban, don manyan kamfanonin da hannun Turawa aka kafa su. Nigerian Breweries ta fito da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, ta buɗe masana'anta a Kaduna a 1963, kuma Heineken ta Holan ce ke da rinjaye a cikinta. Guinness ta kafa tata a Ikeja a farkon shekarun 1960. SABMiller ta shigo daga baya ta karɓi masana'antun Fatakwal da Ilesa ta gina ta Anaca, duk suka faɗa hannun AB InBev a cinikin 2016, ita kuma ta gina ƙatuwar masana'anta a Shagamu a 2018. Tun da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin suka koma kan dawa, don haka wani kaso na dawar da ake aunawa a kasuwannin hatsi na arewa can take ƙarewa, ko a giya ko a Maltina da Malta Guinness da ake rabawa a bukukuwanmu.

Da naira ta faɗi a 2023, Nigerian Breweries ta yi asarar sama da naira biliyan 100, galibi saboda bashin kuɗin waje. A watan Afrilu na 2024 ta sanar da dakatar da aiki a masana'antu biyu cikin tara, ɗaya a jihar Imo, ɗaya a Kakuri ta Kaduna, unguwar da masaƙu suka riga suka yi shiru. Watanni biyu bayan haka Diageo ta Ingila ta sanar da sayar da kashi 58 cikin ɗari na Guinness Nigeria ga Tolaram, kamfanin Singafo da 'yan Najeriya suka fi sani da taliyar Indomie. Sunan Guinness bai shiga cinikin ba. Diageo ta riƙe abinta, tana ba da shi haya.