Sauka da yara ranar da jirgin ruwa ya tsaya a tasha

Tun 2021 da kamfanin jiragen ruwa na MSC ya fara tashi daga Jidda, iyalai daga Birnin Kebbi da Argungu kan haɗa Umra da 'yan kwanaki a Bahar Maliya cikin jirgin yawon shaƙatawa. Tambayoyin kullum iri ɗaya ne, don Allah a karanta kafin a sake kira.

Dole ne mu sauka a kowace tasha?

A'a. Abinci da wurin wasan yara suna nan a jirgi. In ƙaramin bai yi barci ba jiya, ku zauna.

In mun makara, jirgi zai jira mu?

Ba zai jira ba, Alhaji. Ba motar tashar Jega ba ce da za a ce wa direba akwai sauran mutum biyu. Ana so kowa ya shiga kamar minti 30 kafin tashi, kuma lokacin yana rubuce a bakin ƙofar sauka. Ɗauki hotonsa da waya. Wanda aka bari, da kuɗinsa zai bi jirgi zuwa tasha ta gaba. Mai yara ya dawo awa biyu kafin lokacin.

Da wane agogo za mu yi aiki?

Agogon jirgi. Saudiyya da Jodan suna gaban Najeriya da awa biyu, Masar kuma awa ɗaya a lokacin sanyi. Waya tana sauya lokaci da kanta, shi ne ke ruɗa mutane. Saita agogon hannu da na jirgi tun da safe.

Muna da 'yar shekara uku da ɗan shekara tara. Mu je Petra, tsohon birnin dutse na ƙasar Jodan, daga tashar Aƙaba? Mu bi motar jirgi, wato wadda kamfanin jirgin ya shirya, ko mu ɗauki tasi?

Wannan ba a amsa ta da i ko a'a. Daga Aƙaba zuwa Petra kusan awa biyu ne a mota, dawowa ma haka, awa huɗu ke nan sun tafi ba a ga komai ba. Daga ƙofar shiga zuwa babban ginin da aka sassaƙa a jikin dutse akwai tafiyar ƙasa kusan kilomita biyu, fiye da rabinta cikin tsagin dutse, kuma dawowar hawa ce. Ɗan shekara tara mai lafiya zai iya, in an tafi a hankali. 'Yar shekara uku sai goyo, domin keken turawa yana wahala a kan tsakuwa da tsohon daɓen dutse. To Hajiya, wa zai goya ta kilomita huɗu cikin rana? Ku fara amsa wannan.

In jirgin zai yi awa goma ko fiye a tasha, kuma lokacin sanyi ne, ana iya gwadawa, amma da motar jirgi. Ta fi tsada, gaskiya ne, sai dai ita ce in ta makara jirgi kan jira ta, ko kamfani ya ɗauki nauyin haɗa ku da shi. Tasi ba ta da wannan alfarma. In tsayawar ba ta kai awa takwas ba, ni dai ban ba da shawara ba. Gara a raba: Alhaji ya tafi da babban, Hajiya da ƙaramar su zauna cikin garin Aƙaba, su shiga ƙaramin jirgi mai ƙasan gilashi su kalli kifi, su dawo kafin azahar. Luxor, garin tarihi na Masar, daga tashar Safaga kuwa ta haura awa uku zuwa kawai. Da ƙaramin yaro, a bar wannan.

Me za mu riƙe?

Katin jirgi na kowa, har jinjiri, da shi ake fita da shiga. Ruwa, hula, kayan canji, maganin zazzaɓi da sinadarin gishiri da sukari, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya. Sai lambar wakilin jirgi na tashar, tana cikin takardar shirin ranar.

Mun taho da kilishi da 'ya'yan itace.

Ku bar su a ɗaki. Tashoshi da yawa ba sa yarda a sauko da nama ko ɗanyen kayan marmari. Biskit a rufe ya wadatar.

Fasfon Najeriya fa?

Tun kafin ku biya, ku sa kamfani ya rubuto muku ko kowace ƙasa za ta bar ku ku sauka. Dole bizar Saudiyya ta zama mai shiga da fita sau da yawa, tunda Jidda za ku dawo. Kar a manta katin rigakafin shawara na yaran.

Ina tsoron yaro ya ɓace min a kasuwa.

Kwantar da hankalinki. Ɗauki hotonsu da kayan da suka sa da safe, ki sa wa kowa takarda mai sunan jirgi da lambarki a aljihu. Kowane babba a faɗa masa yaron da ke hannunsa, da suna. Ban son jin "ai na ɗauka yana wajenki".