Gahawar Tsaunukan Indonesiya: Amsar Tambayoyin da Kuke Ta Maimaitawa

Wai da gaske ana noman gahawa a Indonesiya?

Ana yi, tun kafin a haifi kakan kakanka. Turawan Holan ne suka kai irin arabika tsibirin Java daga Indiya a 1696, a 1711 kuma suka fara jigilarta zuwa Turai.

A ina ake samun mai kyau?

A kan tudu. Gayo a lardin Aceh, Lintong kusa da tafkin Toba, Toraja a Sulawesi, Kintamani a Bali.

Na sayi ɗanyar gahawar tsibirin Sumatra, launinta kore mai ratsin shuɗi, wasu ƙwayoyin sun tsage, tana ƙanshin ƙasa. An cuce ni ne?

Kwantar da hankalinka, mai yiwuwa lafiyarta ƙalau. Haka aikin giling basah yake fitar da ita. Manomi zai ɓare jan bawon, ya bar ƙwayar ta kwana a buhu, ya wanke, ya shanya ta na ɗan lokaci, ya sayar wa dillali tana da danshi. A haka ake sa ta a inji a cire ɓawon ciki, sannan a ƙarasa busarwa. Ruwan sama ba ya barin a yi doguwar shanya, manomi kuma yana bukatar kuɗinsa yau. Ƙwaya mai taushi in ta shiga inji dole wasu su tsage, launin ma daga nan yake.

Amma fa ban ce kowace tsagaggiya mai kyau ba ce. Ɗebi cikin tafi ka shinshina. In ƙanshin ƙasa ne da itace, madalla. In warin fumfuna ne, irin na tufafin da aka ninke da lema, ko ka ga baƙaƙe da masu hujin ƙwari da yawa, to an yi sakaci wajen shanya. Ko a nan ma kada ka yanke hukunci sai ka soya kaɗan ka ɗanɗana. Ya kamata ta yi kauri a baki, tsaminta kaɗan.

Duk gahawar ƙasar arabika ce?

A'a, mafi yawanta robusta ce, wato wani irin gahawar daban. Cutar tsatsar ganye ta cinye gonakin arabika na kwari tun daga 1876, daga baya aka maye gurbinsu da robusta, na kan tsauni ne suka fi tsira.

Kopi luwak fa, wadda ake tsinta a kashin magen juda?

Don Allah ku daina tambayata inda ake sayar da ita. Da yawa yanzu a keji ake kulle dabbobin ana ɗura musu 'ya'yan gahawa, ta jabu kuma ta cika kasuwa. Kuɗin nan ka sayi ta Gayo da su.