Waliyyi Vincent de Paul da Hidimar Talakawa: Tambayoyi da Amsoshi

Wane ne shi?

Fada ne, wato limami, na Cocin Katolika, ɗan ƙasar Faransa. An haife shi a 1581 a ƙauyen Pouy, kusa da garin Dax, a gidan manoma, kuma da kiwon dabbobin mahaifinsa ya tashi. Sai da uban ya sayar da shanun huɗa kafin yaron ya samu zuwa karatu a Toulouse. An naɗa shi fada a 1600, yana ɗan shekara 19. Ya rasu a Paris ranar 27 ga Satumba, 1660, kuma a wannan rana ce Katolika ke tunawa da shi duk shekara.

Tun yana yaro yake da son talakawa?

A'a. Da farko burinsa ya samu muƙami mai tsoka a coci, ya huta, ya tallafi danginsa. Shi da bakinsa ya faɗa, bayan ya tsufa, cewa wata rana mahaifinsa ya zo makaranta ganinsa, ya ƙi fitowa, don kunyar tsohon yana ɗingishi kuma tufafinsa na ƙauye ne. Abin ya daɗe yana cin ransa. A ganina wannan ne ya sa labarinsa ke shiga zuciya: mutumin da ya taɓa gudun ubansa saboda talauci shi ne daga baya yake kiran talakawa iyayengijinsa.

To me ya juya shi?

Shekarar 1617. A watan Agusta yana limancin cocin Châtillon. Wata Lahadi, yana shirin sujada, aka zo aka gaya masa akwai wani gida a bayan gari da kowa ke kwance ba lafiya, ba mai ko ɗebo musu ruwa. Ya sa maganar cikin wa'azinsa. Da rana ya kama hanyar gidan, sai ga mata jere, masu zuwa da masu dawowa, kowa da abin da ta ɗauko. Ya yi murna, amma ya hango matsala: yau abinci ya yi yawa har zai lalace, nan da 'yan kwanaki kuma gidan zai koma gidan jiya. Tausayi akwai, tsari ne babu.

Sai ya tara matan, suka kafa ƙungiya, kowace da ranarta. Dokar da ya rubuta musu ta shiga har ƙananan abubuwa. Mai aikin ranar za ta dafa abinci ta kai, ta gaida majinyaci da sakin fuska, ta shimfiɗa ƙyalle, ta ajiye kofi da cokali da burodi, ta wanke masa hannu, ta yanka masa nama in ba zai iya ba. Kuma ta fara da waɗanda ke da mai jinya, ta ƙare da wanda ba shi da kowa, domin ta samu zama da shi ya fi tsawo. Wanda ya taɓa jinya shi kaɗai ya san darajar wannan doka ta ƙarshe.

Su wa suka taya shi?

A 1625 ya kafa ƙungiyar fadoji masu wa'azi a ƙauyuka. A 1633, tare da wata bazawara mai suna Louise de Marillac, ya kafa ƙungiyar sistoci masu hidimar talakawa. Dalili kuwa, manyan matan Paris na ba da kuɗi, amma ɗaukar tukunya zuwa lungu sai su tura barori. 'Yan matan ƙauye ne suka ɗauki aikin. Ta farkonsu, Marguerite Naseau, makiyayiya ce da ta koya wa kanta karatu. Annoba ta kashe ta a 1633 bayan ta kwantar da wata mai cutar a gadonta. A zamanin, sistoci a killace suke zama, amma Vincent ya ce waɗannan kam, ɗakunan majinyata ne mazauninsu, titunan gari kuma su ne farfajiyarsu.

Marasa lafiya kaɗai ya kula da su?

Ya kula da fursunonin da ake ɗaurewa da sarƙa suna tuƙa jiragen ruwan sarki, waɗanda aka naɗa shi babban limaminsu a 1619. Daga 1638 ya rungumi jariran da ake yarwa a titunan Paris. Ya kuma tara gudummawa ya aika yankin Lorraine da yaƙi ya ɗaiɗaita.

Ƙungiyar da ke ɗauke da sunansa a coci-coci, shi ya kafa ta?

Ba shi ba ne. Paparoma Clement na 12 ya ayyana shi waliyyi a 1737. Sai a 1833 wani ɗalibi a Paris, Frédéric Ozanam, da abokansa suka kafa ƙungiyar, suka sa mata sunansa. Yau tana ƙasashe sama da ɗari, har da Nijeriya, kuma 'ya'yanta ba fadoji ba ne, gama-garin mabiya coci ne da ke tara abin da ya sawwaƙa su bi mabukata har gida.