Hausar gida ba ta ɓata wa yaro Turanci

Ina cikin aikin koyon koyarwa a wata firamare, sai wata uwa ta ja ni gefe ta ce, "Malam, don Allah a hana ɗana Hausa a aji. A gida ma mun hana, kada Turancinsa ya lalace." Ni ma da haka na yarda, kafin in tsaya gaban allo.

Mutane na ɗaukan kan yaro kamar tulu, wai in Hausa ta cika shi Turanci ya rasa wuri. Amma yaron da ya iya kawo tatsuniya daga "ga ta nan" har "ƙurunƙus" ya riga ya san jera zance da kawo dalili. Wannan iyawar yake ɗauka ya kai Turanci, kalmomi ne kawai sababbi. A gidan da aka hana Hausa kuwa, in Turancin iyayen gutsi-gutsi ne, hira ce ke mutuwa, ba abin da yaro ke ji sai "zo" da "zauna".

An ma gwada. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara wani gwaji a Ile-Ife, aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara 6 na firamare, Turanci yana darasi guda. Ba su gaza 'yan uwansu da aka koyar a tsarin da aka saba a iya Turanci ba, a wasu darussan ma sun fi su.

Gauraya harsuna da ke tsorata iyaye fa? Yaran Yola suna tashi da Fulatanci da Hausa, suna gaurayawa, amma sun san da wanne za su gaida kaka.